Fasaha za ta cinye sana'ata ne? Amsa ga wani mai shagon POS da buga takardu

"Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne a Zariya, ina da ɗan shago kusa da makaranta inda nake buga wa ɗalibai takardu, ina kuma yin POS. A da buga takardu kaɗai yana riƙe ni, yanzu kowa a wayarsa yake rubuta abinsa, wasu ma na'ura ke rubuta musu. A watan jiya aka sace wayar maƙwabcina, kafin gari ya waye an kwashe kuɗin da ke asusunsa. Ga shi kullum ana cewa ƙirƙirarriyar basira, wato AI, za ta raba mutane da ayyukansu, har wasu na cewa ita za ta ga bayan ɗan'adam. Don Allah wannan fasaha da dunƙulewar duniya da ake ta yayatawa, ci gaba ne ko halaka? Kuma irina me ya kamata ya yi?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tambaya uku ka ƙulle a ɗaya: ko ɗan'adam zai sha, ko kuɗinka da sirrinka za su tsira, ko sana'arka za ta ɗore. Ni aikina tsaron na'urori da hanyoyin sadarwa ne, na yi wa ƙananan bankuna da 'yan kasuwa, saboda haka a ta biyun na fi ƙarfi, kuma a nan zan fi daɗewa. Sauran biyun zan faɗa maka abin da ido ya gani da abin da masana fannin suka fitar. A ganina dai ukun jijiyarsu guda ce, wato dogaro. Abincinka da kuɗinka da aikinka duk sun rataya ga abubuwan da ke nesa da kai, waɗanda ba ka da ta cewa a kansu, kuma yawancinmu ba mu tanadi hanya ta biyu ba idan ta farkon ta toshe.

Maganar halaka

Kafin a zagi fasaha sai an yi mata adalci. Agana ta daɗe tana kashe mutane tana makanta wasu, rigakafi ya kawar da ita daga doron ƙasa, aka tabbatar da haka a 1980. A watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna, bayan an ga na ƙarshe a Borno a 2016. Mutanen duniya sun haura biliyan 8 a Nuwamban 2022, kuma masana sun ƙiyasta kusan rabinsu abincinsu ya dogara ga takin zamani. Duk wannan bai yiwu ba sai da ilimi da kaya suka riƙa ƙetare iyakoki.

Batun cewa na'ura za ta hallaka mu ba hirar majalisa ba ce kawai. A watan Mayun 2023 wasu manyan masu ƙera wannan fasaha suka sa hannu a wata gajeriyar sanarwa da ke neman a ɗauki haɗarinta kamar yadda ake ɗaukar annoba da yaƙin nukiliya. A watan ne Geoffrey Hinton, ɗaya daga cikin waɗanda suka assasa fannin, ya bar Google don ya samu sakewar yin gargaɗi. Sai dai takwaransa Yann LeCun yana ganin an zuzuta abin. Tun da iyayen gidan ma ba su daidaita ba, ni ba zan yanke maka hukunci ba, kuma ba shi ne ya kamata ya hana ka barci ba. Abin da ya fi kusa da wuyanka shi ne tsinkewar igiyar da ta haɗa ka da abubuwan da ka dogara da su.

Ka tuna yadda burodi da taki suka yi tashin gwauron zabi bayan Rasha ta afka wa Yukiren a Fabrairun 2022. Manomin Giwa ko Soba bai san inda Bahar Aswad, tekun da ƙasashen biyu ke gaɓarsa, yake ba, amma ya ji a buhun taki, domin alkama da sinadaran haɗa taki daga can suke fitowa da yawa. Ranar 14 ga Maris 2024 wasu manyan wayoyin intanet guda huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku suka lalace daura da gaɓar Kodebuwa. A ranar ina wani ƙaramin banki, masu ajiya sun cika harabar, manhaja sai juyawa take ba ta buɗewa, manaja yana ta kirana in gyara. Na ce masa abin da ya lalace yana ƙasan teku, sai jirgin ruwa ya je. Bankunan da suka tanadi layi na biyu ta wata wayar daban su ne suka fara farfaɗowa. Bayan wata huɗu, ranar 19 ga Yuli, sabunta manhajar tsaro ta kamfanin CrowdStrike guda ɗaya tak ya durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5, aka soke tashin dubban jirage, asibitoci suka koma takarda da biro. Babu ɗan kutse ko ɗaya a ciki, kuskure ne kawai ya bi igiya ya zagaye duniya cikin sa'o'i.

Wani lokacin ma da gangan ake tsinke igiyar. A Satumban 2021 an rufe layukan waya a Zamfara saboda 'yan bindiga, mutane suka riƙa tafiya mai nisa don kawai su ga alat. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 Najeriya ta yanke wutar da Nijar ta fi dogara a kai, aka rufe iyaka, cinikin Jibiya da Maraɗi da na Illela da Ƙonni ya tsaya cik har farkon 2024. Na farkon 2023 kuwa, lokacin canjin kuɗi, ba sai na ba ka labari ba, kai mai POS ka fi ni sanin yadda aka riƙa sayen naira da naira. Darasin da na ɗauka a aikina shi ne kowane abu mai muhimmanci a yi masa na biyu: layin waya na kamfani biyu, asusu a banki biyu, ɗan tsabar kuɗi a hannu, lambobin mutanenka a rubuce a littafi.

Yadda aka kwashe kuɗin maƙwabcinka

Ban ga takardun bankinsa ba, amma na bi sawun irin wannan sau da yawa, kuma kusan hanya ɗaya ce. Ɓarawon ba wayar ce ta dame shi ba, layin yake so. Yana zare sim ɗin ya saka a ƙaramar waya mai madannai, duk makullin da aka sa wa babbar wayar ya tashi a banza. Daga saƙonnin alat zai gane bankin mutum. Akwai lambar da ake dannawa a layi ta nuna BVN. Da waɗannan sai ya shiga hidimar banki ta danne-danne, ko ya buɗe asusu a wata manhaja da sunan mai layin, ko ya ci bashi a manhajojin lamuni. Duk lambar tabbatarwa da banki zai turo, hannunsa za ta faɗa. Shi ya sa suka fi son dare da ƙarshen mako, lokacin da mai waya ke cewa bari gari ya waye in je ofis.

Maganin yana cikin wayarka, kyauta ne, amma da wuya ka samu wanda ya kunna shi: makullin sim. Ka shiga saitin tsaro na wayar ka sa wa layin kansa lambar sirri. Daga nan duk wayar da aka saka shi sai ta nemi lambar, in aka yi kuskure sau uku ya kulle, ba ya buɗuwa sai da lambar PUK da ke jikin katin da aka ɓallo sim ɗin. Ka adana wannan katin a gida. Sannan yawancin bankuna suna da lambar da za ka danna a wayar kowa ka rufe asusunka nan take. Ka nemi ta bankinka yau, ka rubuta ta a takarda. Ranar da waya ta ɓace, asusu ake fara rufewa, sai layi, sai rahoton 'yan sanda, sai a je welkam-bak. Mutane da yawa suna juya jerin, su fara da cigiyar waya, kuɗi kuwa cikin minti ashirin sun bar gida.

Shi maƙwabcin naka ya rubuta wa bankinsa ƙorafi a takarda, ya karɓi shaidar sun amsa. In suka yi shiru ko amsar ba ta gamsar ba, ya kai sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya. Ba na yi masa alkawarin kuɗin za su dawo ba ne. In an riga an rarraba su an cire, da wuya. Amma in an yi sauri akan tare wani abu a asusun da aka tura.

Ta biyu da ta addabi mutanenmu ita ce ƙwace WhatsApp. Za a kira ka da Hausa tsantsa, a ambaci sunan zaurenku na tsofaffin ɗalibai ko na masallaci, a ce akwai taro da daddare, an turo maka lamba shida ka karanto don a sa ka a ciki. Wannan lambar ita ce mabuɗin asusunka. Kana faɗa an fitar da kai, sai a fara bin 'yan'uwanka ana cewa kana asibiti a taimaka. Ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a cikin saitin manhajar, ka yi wa iyaye da matan gida ma. Ƙa'idar dai ɗaya ce a ko'ina: lambar da ta shigo wayarka taka ce kai kaɗai, ma'aikacin banki na gaskiya ba zai taɓa tambayarka ita ba.

A nan ne ƙirƙirarriyar basira ta fi ba ni tsoro, ba a maganar tashin duniya ba. A da ɗan damfara yana tona kansa da gurɓatacciyar Hausa ko Turanci mai gargada. Yanzu na'ura na gyara masa rubutu, tana kuma iya kwaikwayon murya daga ɗan guntun saƙon murya. A farkon 2024 a Hong Kong an sa ma'aikacin wani kamfanin injiniyoyi mai suna Arup ya tura kusan dala miliyan 25 bayan taron bidiyo da shugabanninsa, ashe duk fuskokin da muryoyin na bogi ne. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Duk wanda ya nemi kuɗi da gaggawa, ko da muryar yayanka ce, ka katse ka kira shi da kanka a lambar da ka sani.

Yanzu ga naka na musamman. Shagonka yana da ƙofa biyu da ɓarna ke shigowa. Ta POS, kada ka miƙa kuɗi saboda an nuna maka hoton tiransifa ko saƙo ya shigo. Ka buɗe manhajarka ka ga kuɗin sun zauna. Mafi haɗari kuma shi ne a wanke kuɗin sata ta hannunka. Baƙo zai zo ya ce za a turo masa dubu ɗari biyar ta asusunka, ka cire ladanka ka ba shi sauran. Bayan kwana uku an rufe asusunka, masu bincike suna ƙofar shago, domin kai ne wurin ƙarshe da sawu ya tsaya. Na ga mai POS da jarinsa ya maƙale wata da watanni a kan haka, alhali bai ci ko kwabo na haram ba. Ka ajiye littafi: suna, lambar waya, adadi, lokaci. Babban kuɗi daga wanda ba ka sani ba, ka nemi katin shaida, in ya ƙi ka bar cinikin.

Ƙofa ta biyu kwamfutarka ce. Na sha duba na'urorin irin shagonku, in tarar da takardun NIN, sakamakon jarrabawa, hotunan fasfo da takardun haihuwa na ɗaruruwan mutane zube a fuskar kwamfuta, ga filashin kowa ana sokawa. Wannan a wurin ɗan damfara taska ce. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ɗora alhakin kiyaye irin waɗannan bayanai a kan wanda ya karɓe su. Ka riƙa gogewa da zarar an gama aiki. Kada ka yi harkar bankinka a kwamfutar da jama'a ke amfani da ita. Ka kuma bar ta ta riƙa sabunta kanta ko da tana shan data: cutar kwamfuta mai suna WannaCry da ta ratsa ƙasashe kusan 150 a Mayun 2017, har ta tsayar da asibitocin Ingila, ta bi ta wata kafa ce da Microsoft ya riga ya toshe wata biyu kafin nan, waɗanda ba su sabunta ba ta kama. In Windows 10 kake kai, ka sani an daina tallafa mata yadda aka saba tun Oktoban 2025.

Sauran kuwa ba kutse ba ne, kwaɗayi ne aka yi wa sabuwar riga. MMM, tsarin zuba kuɗi na yaudara, ta rufe da kuɗin mutane a Disamban 2016. CBEX ta zo tana cewa na'ura mai basira ce ke yi mata ciniki, za ta ninka kuɗi a wata guda, ta ruguje a Afrilun 2025. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Haka masu bi unguwa suna sayen NIN da BVN na matasa a kan 'yan dubbai. Asusun da za a buɗe da su, mai sunan za a nema ranar da aka yi ta'asa.

Sana'arka

Ba zan ɓoye maka ba, buga rubutu zalla ya kama hanyar mutuwa. Binciken Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2023 ya nuna aikin akawu da sakatare da shigar da bayanai su ne suka fi shiga haɗari, ko da yake ya ce a yawancin sana'o'i na'urar za ta ɗauki wani yanki ne na aikin, ba duka ba. Asusun Ba da Lamuni na Duniya a Janairun 2024 ya ƙiyasta abin zai taɓa kusan kashi 40 cikin 100 na ayyukan duniya, kashi 60 a ƙasashe masu arziki, kashi 26 a matalauta. Kada ƙarancin namu ya faranta maka rai. Dalilinsa shi ne yawancinmu noma da ƙananan sana'o'i muke yi, kuma ribar abin ma ba za ta iso mu da wuri ba.

Mu a Arewa ba na'ura ce ta fara raba mu da aiki ba, kwantena ce. An buɗe masaƙar Kaduna a 1957, wasu suka biyo baya, Kakuri ta cika da dubban ma'aikata, haka Bompai da Sharaɗa a Kano. Rashin wuta, tsadar man injin, tsofaffin na'urori da fasa-ƙwauri suka raunana su. Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001, aka cire ƙayyade cinikin tufafi a duniya a farkon 2005, sai atamfa mai araha ta malalo. Yau ka shiga Kantin Kwari ka ƙirga nawa ne aka saƙa a gida. Amma ka lura da wanda ya tsira: tela. Ana iya saƙa shadda a wata nahiya, ba a iya auna kafaɗarka daga can. Ko da injin surfani na kwamfuta ya zo, hular ɗinkin hannu ba ta faɗi ba, sai ma ta ƙara daraja.

Ka dubi tarihin waya kuma. Da GSM ta shigo a 2001, matasa suka kafa lema da tebur ana biya a yi kira. Waya ta yi araha, lema ta naɗe. Aka koma sayar da katin waya, banki ya fara sayar da kati ta danne-danne, wannan ma ya ja baya. Waɗanda suka koyi gyaran waya suna nan har yau, kasuwar Farm Centre a Kano shaida ce. POS ɗinka ɗan wannan dangi ne: fasaha ce ta haife shi, kuma ita za ta rage shi. Tun da mai shayi da mai kayan miya sun liƙa lambar asusu a tebur, masu neman tsabar kuɗi raguwa za su yi ta yi. Ka ci moriyarsa yanzu, amma kada ka gina gidanka a kansa.

Abin da nake gani yana ɗorewa shi ne aikin da ke buƙatar hannu a wurin, ko amanar wanda aka sani, ko mutumin da za a kama in abu ya ɓaci. Ɗalibin da na'ura ta rubuta wa furojet har yanzu yana buƙatar wanda zai tsara shi yadda sashensu ke so, ya buga, ya ɗinke. Kuma waɗannan manhajoji suna ƙirƙiro sunayen littattafan da babu su, su faɗe su da cikakken ƙarfin hali. Wanda ya iya tantancewa yana da abin sayarwa. Dattijon da ke son yi wa kasuwancinsa rajista, uwar da ke cike wa ɗanta neman lamunin karatu, ɗan kasuwar da lissafinsa ke cikin kai da bayan kwali, duk mutum suke nema ba manhaja ba. Ka koyi amfani da ƙirƙirarriyar basirar da kanka, aikin awa uku ya koma rabin awa, ka riƙa cajin kammala aiki maimakon cajin shafi. Har abin da na koya maka a sama sana'a ne: sa wa mutane makullin sim da tsare musu WhatsApp a kan ɗan abin da ba zai gagara ba.

Aikin intanet da ake biya da dala gaskiya ne akwai shi, har da fassara da tantance bayanai da Hausa, kuma na san matasan da suke ci daga gare shi. Sai dai ka shiga da ido biyu. Kana gasa ne da mutanen Indiya da Kenya da Filifin, kuma kamfani na iya rufe aikin da saƙo guda. A Janairun 2023 mujallar Time ta fallasa cewa ma'aikatan Kenya da suka tace munanan rubuce-rubuce don horar da ChatGPT ana biyansu ƙasa da dala 2 a awa. Duk aikin da aka ce sai ka biya kafin a ɗauke ka, damfara ce. Mainin kuwa, wato neman kuɗin kirifto ta waya, ka ga yadda aka kwashe watanni ana dangwalar waya a kan wasan Hamster Kombat a 2024, da aka zo rabo yawanci ko kuɗin data ba su mayar ba. Da rabin lokacin nan aka zuba a koyon gyaran waya, haɗa sola ko kafa kyamarar tsaro, da an fita da abin hannu. Shirin gwamnatin tarayya na 3MTT da aka fara a ƙarshen 2023 yana koyar da fannonin kwamfuta kyauta, ka sa ido in an buɗe.

Shawarata tana da iyaka. Babu wanda zai iya ce maka ga shekarar da kaza zai ƙare, masu ƙera na'urorin ma hasashe suke yi. Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin mai shago: wutar lantarki, tsadar data, darajar naira, da ko za a hukunta ɗan damfara in an kama shi. Waɗannan na hukuma ne. A cikin abin da ke hannunka, in ka tara ɗan jari kana tsakanin ƙaro injin POS na biyu da sa ƙaramar sola, ni sola zan ce. Za ta rage maka kuɗin fetur, ta ba ka cajin waya a matsayin ƙarin ciniki, kuma in ka tsaya kan mai haɗa ta kana tambaya, ka fara koyon sana'ar da ake nema daga Samaru har ƙauyukan da turakun wuta ba su kai ba.